Tsohon Hannu Ko Sabon Jini A Kasuwar 'Yan Ƙwallon Kwando

Kowace shekara, daidai lokacin da damina ta kankama a yammacin Zamfara, manoman Anka da Gummi da Bukkuyum suka duƙufa ga noma ba su da ta kowa, a can Amurka ake buɗe wata kasuwa wadda ba ta da rumfa, ba ta da sarkin kasuwa, amma dukiyar da ke juyawa cikinta a mako guda ta isa ta girgiza mai lissafi. Daga daren 30 ga Yuni ne ƙungiyoyi 30 na gasar ƙwallon kwando ta NBA suke samun izinin neman 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, waɗanda ba su da igiyar kowa a wuya, suna iya zuwa inda suka ga dama. Samarinmu, waɗanda galibi ba sa ganin wasannin nan sai gutsattsari a wayar hannu, domin ana yin su ne da tsakar darenmu, sukan raba kansu gida biyu a majalisa: wasu su ce a ɗauki tsohon hannu wanda ya ga jiya ya ga yau, wasu su ce a ɗauki yaro mai jini a jika. Ni dai a nawa ra'ayin, duk ɓangarorin biyu sun kama mas'alar ta inda ba ta kamuwa.

Manomi mai garmar shanu, idan ya shiga kasuwar Gummi neman abin huɗa, ba ya tsayawa gardamar ko tsohon sa ya fi ɗan bijimi a jumlace, sai dai ya buɗe bakin dabba ya duba haƙora, ya ƙiyasta damina nawa suka rage a jikinta, ya tuna irin gonar da zai sa ta da kuma wanda za ta yi tarayya da shi a karkiya, sa'an nan ya yi tayi gwargwadon haka. Bai taɓa ƙara ko sisi ba sabili da gonakin da san nan ya huɗe wa wani a shekarun baya. To, abin da manomi ya sani ba tare da an karantar da shi ba, shi ne abin da attajiran ƙungiyoyi suke mantawa kusan kowace shekara, kuma ƙa'idojin gasar su kansu suna taya su mantuwa. A tsarin NBA akwai iyakar da aka yanka wa jimillar albashin kowace ƙungiya, kuma mafi girman abin da za a iya ba mutum ɗaya yana hawa ne da yawan shekarunsa a gasar: wanda bai wuce shekara 6 ba, a bisa asali, kashi 25 cikin ɗari na iyakar nan, mai shekara 7 zuwa 9 kashi 30, wanda ya cika 10 kuwa kashi 35. Watau farashin mutum yana kai ƙololuwa ne a daidai zamanin da gwiwoyinsa suka fara yi masa gardama, alhali kuwa kakar wasa guda wasanni 82 ce, ban da na neman kofi.

Misalin da ya fi kusa da zuciyarmu shi ne na Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas a 1963, wanda ƙungiyar Houston ta zaɓa na farko a 1984, gaba da Michael Jordan, ya kuma ciyo mata kofi a 1994 da 1995, yana azumin Ramadan yana wasa har Amurkawa suka riƙa mamaki. A 2001, yana da shekara 38, kwantiraginsa ya ƙare. Houston ta yi masa tayin dala miliyan 13, ya ga an rage masa daraja, ya ƙi, Toronto ta ƙasar Kanada ta karɓe shi a kan miliyan 18 na shekara uku, ta kuma ba Houston damar zaɓen sababbin 'yan wasa biyu. Kaka ɗaya tak ya yi, yana cin maki 7 da ɗan ɗoriya a wasa, mafi ƙanƙanta a duk rayuwarsa ta ƙwallo, daga nan ciwon baya ya tilasta masa ajiyewa. Ba aibata bawan Allah nan nake yi ba, domin har yau babu wanda ya kai shi yawan tare ƙwallo a tarihin gasar, kuma ma'aikaci bai yi laifi ba don ya karɓi abin da aka miƙa masa. Laifin yana wuyan masu tayin, waɗanda suka sayi sunan 1994 suna zaton ƙafafun 1994 ne. Hujjar cewa abin da ya rage masa mai daraja ilmi ne, ita ce bayan ya yi ritaya manyan gwanaye kamar Kobe Bryant da LeBron James sun yi tattaki zuwa wurinsa a Houston don ya koya musu sarrafa ƙafa a gindin kwando.

Wani ikon Allah, wannan ƙungiya ta Toronto ita ce daga baya ta shiga hannun mutumin da ya tashi a Zariya, Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970, ya fara jefa ƙwallo yana yaro a filayen Zazzau, ya karɓi ragamar ƙungiyar a 2013. A watan Fabrairu na 2019 ya yi abin da masu ra'ayin sabon jini za su kira ɓarna: ya bayar da Jonas Valanciunas mai shekara 26, tare da wasu, ya karɓo Marc Gasol mai shekara 34. Amma fa dubi bambancin wannan da na 2001. Ujiri ya riga ya tara samari masu gudu, irin su Pascal Siakam ɗan Kamaru da Fred VanVleet wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2016, ya kuma samo Kawhi Leonard, saboda haka bai nemi Gasol ya ɗauki ƙungiya a ka ba; aiki ƙayyadadde ya ba shi, ya tsare gindin kwando, ya tsara masu tsaro da bakinsa, ya danne ƙattai irin su Joel Embiid, kuma sauran wa'adin kwantiraginsa gajere ne. Watanni huɗu bayan haka Toronto ta doke Golden State da wasa 4 da 2, kofi ya ƙetare iyakar Amurka a karo na farko.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka waliyyi nake kwatanta masa. A ƙarshen 2020 kwantiragin Gasol da na Serge Ibaka da na VanVleet suka ƙare a lokaci guda. Ujiri ya ɗaure VanVleet mai shekara 26 da dala miliyan 85 na shekara huɗu, dattawan nan biyu kuwa suka tafi Los Angeles, ɗaya Lakers ɗaya Clippers. Riƙe yaron daidai ne, har ya shiga sahun taurarin gasar a 2022. Amma rasa manyan biyu a tashi ɗaya ya bar gindin kwando kamar kango, ƙungiyar ta ci wasa 27 ta faɗi 45, ko da yake adalci ya wajabta a ambata cewa annobar korona ta kore su daga gida, suka yi kakar duka a baƙunci a Tampa.

Ƙissar da ta fi ɗaure kai ita ce ta shekara mai biye. Kyle Lowry, wanda ya yi wa Toronto hidimar shekara tara, mutanen garin suna yi masa kallon uban ƙungiya, ya kai 35 kwantiraginsa ya ƙare. Ujiri bai biya shi don kunya ba, sai aka daidaita ya tafi Miami a kan kimanin miliyan 85 na shekara uku, Toronto ta karɓi Goran Dragic da Precious Achiuwa, haifaffen Fatakwal. Da Miami ta kai wasan ƙarshe a 2023, Lowry mai albashin wajen miliyan 28 a benci yake fara zama, wanda ake fara wasa da shi a gurbinsa kuwa shi ne Gabe Nnamdi Vincent, ɗan wasan Nijeriya, wanda albashinsa bai kai miliyan 2 ba, shi ne kuma ya ci maki 21 ranar da Nijeriya ta doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas cikin Yulin 2021. Masu son sabon jini za su ce ga hujjarsu ta tsaya. Su dakata tukuna. Da kwantiragin Vincent ya ƙare a wannan shekara ta 2023, Lakers ta ba shi miliyan 33 na shekara uku yana da shekara 27, gwiwa ta kama shi, wasa 11 kacal ya yi a kakar farko. Ƙuruciya ba ta ba kowa lamuni ba, kuma ina ganin Lakers ita ma abin da ya wuce ta saya, 'yan makonnin nan na bajinta a Miami, illa dai jiyan Vincent ta fi ta Olajuwon kusa.

Malamanmu na fiƙihu, da suka zo babin ijara, sun sharɗanta a san manfa'ar da ake ƙulla yarjejeniya a kanta, a san ajalinta, a san ladanta, suka kuma yi kashedi da garari, ga shi nan a Risala da Muhtasar ga wanda ya zauna gaban malami. Ba fatawa nake bayarwa a kan ƙwallo ba, ni ban isa ba. Abin da nake ɗauka kawai shi ne ladan ijara na manfa'ar da ke tafe ne, abin da aka bayar sabili da aikin da ya shuɗe kuwa sunansa kyauta ko tukuici, kuma alheri ne babba muddin mai bayarwa ya san abin da yake yi, bai rubuta shi a littafin ciniki ba. Ƙungiyar da take son girmama gwarzonta tana da hanyoyi: ta rataye rigarsa, ta ba shi muƙami, ta sa shi horar da yara. Ita kanta hukumar gasar ta fahimci cewa akwai dattijon da amfaninsa ya fi farashinsa, shi ya sa idan ƙungiya ta ɗauki tsohon ɗan wasa a kan mafi ƙarancin albashi na shekara guda, hukumar take biyan wani kaso daga aljihunta, don kada a guje shi saboda tsada. Wannan shi ne cinikin da nake goyon baya: ga tsohon hannu, ajali gajere da aiki bayyananne, ga yaro, ajali mai tsawo, amma bayan an gan shi cikin daɗi da wuya, ba a wata guda na sa'a ba.

Idan muka dawo gida, sai mu tarar mas'alar ta sake kama. Kano Pillars ta ƙwallon kwando, wadda ta daɗe tana mulkin gasar ƙasar nan, har ta zo ta uku a gasar ƙungiyoyin Afirka a Alkahira a 2016, ba da miliyoyin daloli ta yi ba, da 'yan wasan da suka daɗe tare suka san numfashin juna ta yi. Rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, wanda ya ɓarke a 2017 aka wayi gari da shugabanni biyu, ya gurgunta gasar cikin gida shekaru, kuma wanda ya fi cutuwa shi ne yaron da ya kamata a gwada shi a wannan tsakani, domin tsohon hannu an riga an san shi, yaro kuwa sai an buga ake saninsa. Ga kuma wata larura tamu ta daban: a ƙauyukanmu haihuwa da yawa ba a rubuta ta, kuma ko inda aka rubuta, an san yadda shekarun 'yan wasa suke raguwa a takarda, har ta kai hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta koma duba ƙashin wuyan hannu da na'ura tun 2009. Mai horarwar da ya dogara ga adadin shekaru a irin wannan ƙasa, da takarda yake ciniki.

A Anka da Gummi da Bukkuyum, inda ƙwallon ƙafa da dambe suka cinye fage, ƙwallon kwando kuwa sai a wasu makarantun sakandare, kuma rashin tsaro ya taƙaita tafiye-tafiyen wasa tsakanin garuruwa, dogayen yara ba su ne suka yi ƙaranci ba. Wanda zai nuna musu yadda ake tsayawa da yadda ake juyawa shi ne babu. Ujiri kansa a hannun wani mai horarwa Ba'amurke, Oliver Johnson, ya koya a Zariya. Saboda haka da hukumar wasanni a Gusau za ta nemi shawarata, da na ce ta bar neman taurari, ta nemi biyu ko uku daga tsofaffin 'yan wasan Kano ko Kaduna waɗanda ƙungiyoyinsu suka sallama, ta ƙulla da su shekara guda guda, a rubuta makarantun da kowannensu zai riƙa zuwa da ranakun zuwan, a zuba siminti a kafa kwanduna biyu a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, a kuma biya su albashinsu a ƙarshen kowane wata.