Wasiƙa a Buɗe ga Marubutan Labaran Soyayya na Urdu

Labarin soyayya a harshen Urdu ba kasafai yake tsayawa kan saurayi da budurwa ba, domin dangi ne ke cika fagen. Tun daga Mirat-ul-Uroos na Nazir Ahmad a 1869, wanda ya gwada zaman Akbari da ƙanwarta Asghari a gidajen mazajensu, aure ya zama ma'aunin mace a wannan adabi. Mujallun wata-wata na Karachi, irin su Khawateen Digest da Shuaa, suka ɗora, sannan talabijin ya karɓa.

Abu na farko da ya wajaba marubuci ya kiyaye shi ne, matsin da ke raba masoya ba daga mugu ɗaya yake fitowa ba. Akwai jahez, kayan da iyayen amarya ke haɗawa, wanda dokar Pakistan ta 1976 ta hana ya wuce rupee 5,000, amma al'ada ta yi kunnen uwar shegu. Akwai auren zumunci, akwai tsoron bakin mutane. A Humsafar na Farhat Ishtiaq, da aka nuna a 2011, uwar miji ce ta ƙulla wa matar ɗanta, Khirad, sharri. Wasan ya ci kasuwa, sai masu kwaikwayonsa suka mai da suruka dodo a ko'ina. Surukar da ba a ba ta dalili ba, ba ta koya wa mai kallo komai.

Na biyu, a nuna matsin a aikace. Yarinya ta shigo da farantin shayi gaban baƙin da suka zo ganinta, ana auna haskenta da tsayinta, uwarta na murmushin dole: wannan ya fi dogon wa'azi. Umera Ahmed ta bi wannan hanya a Zindagi Gulzar Hai na 2012. Mahaifin jarumar, Kashaf, ya ƙara aure don uwarta mata zalla ta haifa, shi ya sa yardarta da namiji ta yi wuya.

Na uku, kada haƙuri da kuka su zama jarin jaruma kaɗai. A Dhoop Kinare na 1987, Haseena Moin ta kawo Zoya, likita mai aiki da raha, kuma soyayyar ba ta ragu ba.

Labarin da ya ƙare da yafiya alhali wanda ya yi zalunci bai gane laifinsa ba, ya rufe ciwo ne da zane, bai warkar ba.