Na'ura Mai Basira da Haƙoran Mai Juna Biyu

A ranar awon ciki akan auna jinin mace, a ɗebi fitsarinta, a saurari bugun zuciyar abin da ke cikinta. Abin da ba safai ake dubawa ba shi ne baki. Mata da yawa ba sa zuwa wajen likitan haƙori sai ciwo ya hana su barci, kumatu sun kumbura, an kai matsayin da sai dai a cire haƙorin. Ra'ayina shi ne ya kamata duba baki ya shiga cikin awon ciki, kuma sabuwar fasahar nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira tana iya sauƙaƙa mana wannan aiki idan aka yi amfani da ita yadda ya dace.

Me ya haɗa ciki da haƙori?

Idan mace ta sami ciki, sinadaran jikinta suna canzawa, sai dasashinta ya yi laushi, ya kumbura, ya riƙa zubar da jini idan ta yi asuwaki ko buroshi. Wannan yana samun fiye da rabin masu juna biyu. Amai na laulayi yana kawo ruwan tsami daga ciki ya zaizaye fatar haƙori, kwaɗayin zaƙi kuma yana ciyar da ƙwayoyin cutar da ke huda kogo. Bincike ya nuna akwai alaƙa tsakanin ciwon dasashi mai tsanani da haihuwar bakwaini ko jariri marar nauyi. Bayan haihuwa, uwa tana iya shafa wa ɗanta ƙwayoyin cutar kogon haƙori ta hanyar yawu, kamar idan ta tauna abinci ta ba shi, ko suka ci da cokali ɗaya. Maganar da ake yi cewa jariri yana tsotse ƙarfin haƙoran uwarsa tun yana ciki ba ta da tushe. Rashin kula ne yake zubar da haƙori.

Yadda na'urar take aiki

Ana nuna wa kwamfuta dubban hotunan haƙora na eksire waɗanda ƙwararrun likitoci suka riga suka yi wa alama, nan kogo ne, nan ƙashin da ke riƙe da haƙori ya lalace, nan lafiya lau. Da haka take koyon gane alamun. Idan aka kawo mata sabon hoto, cikin ɗan lokaci sai ta zagaye wuraren da take zargi da launi domin likita ya sake dubawa.

A shekarar 2020, masu bincike a asibitin koyarwa na Charité da ke Balin, ƙasar Jamus, sun yi aiki da hotuna 3,686. Na'urar ta gano kashi 75 cikin ɗari na wuraren da haƙori ya fara lalacewa, likitocin da aka gwada su da ita kuwa suka gano kashi 36. Tazarar ta fi yawa wajen lalacewar da ke farkonta. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta amince da manhajar kamfanin Overjet a 2021, da ta kamfanin Pearl a 2022, domin taimaka wa likitoci karanta hoton haƙori.

Amfanin ga marar lafiya

Amfani na farko shi ne kama ciwo da wuri. Lalacewar da ba ta wuce fatar haƙori ba ana iya tsayar da ita da makilin mai sinadarin fuloraid da rage zaƙi, ba tare da an huda ko an cire ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga mai ciki wata biyar, wannan yana nufin ba za ta shiga watan haihuwa da kumburin baki ba, kuma maigida ba zai biya kuɗin babban aiki ba.

Na biyu, marar lafiya tana ganin abin da likita yake gani. Hoton eksire inuwa ce kawai ga wanda bai saba ba, amma idan an shafa wa wurin launi, kowa zai gane. Mace da mijinta ko uwar mijinta za su fi yarda da shawarar likita idan an nuna masu da ido.

Na uku shi ne wanda ya fi shafarmu. Likitocin haƙori kaɗan ne, kuma mafi yawansu suna manyan asibitoci irin na Dutse da Birnin Kudu da Kano. Matar da ke ƙauyen Kiyawa ko Buji ko Gwaram sai ta nemi izini da kuɗin mota kafin ta gan su. Masu bincike a Jami'ar Rochester ta Amurka sun ƙirƙiro manhajar waya mai suna AICaries, wadda iyaye ke ɗaukar hoton haƙoran yaro da ita ta nuna masu inda ake zargin kogo. Da irin wannan a hannun ungozoma ko ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibiti, za a iya tantance wadda ke buƙatar zuwa Dutse cikin gaggawa da wadda shawara ta ishe ta.

Inda ya kamata a yi hattara

Na'ura tana kuskure. A 2021 waɗancan masu bincike na Balin sun gwada likitoci 22, suka ga cewa da taimakon na'ura sun fi gano ƙananan lalacewa, amma kuma sun fi yawan yanke shawarar huda haƙori a cike shi. Ke nan ganin ciwo daban, sanin abin da ya dace a yi da shi daban, kuma wannan na biyun aikin likita ne.

Haka kuma, manhajar da ta yi karatunta da hotunan mutanen wata nahiya tana iya ruɗewa idan ta ga haƙoran da goro ko fure ya rina. Dole a gwada ta da haƙoranmu kafin a dogara da ita. Tana buƙatar na'urar hoto ta zamani, da wutar lantarki, da kuɗi. Sannan hoton bakinki sirrinki ne, kina da ikon tambayar inda za a ajiye shi da wanda zai gan shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2021 waɗanda suka jaddada cewa yanke shawara a kan lafiya ya ci gaba da zama a hannun mutane.

Saboda haka kirana ga hukumomin lafiya na Jihar Jigawa da shugabannin asibitoci shi ne su fara da abin da ke hannu: a koya wa masu awon ciki duba baki, a buɗe hanyar tura mace sashen haƙori, sannan a shigo da na'ura a matsayin mataimakiya bayan an gwada ta a nan.

Abin da za ki yi tun yau

Kada ki jira zuwan na'ura. Ki wanke baki sau biyu a rana da makilin mai fuloraid, musamman kafin kwanciya. Idan kin yi amai, ki kurkure da ruwa, ki ɗan jira kafin ki sa buroshi. Idan dasashi yana jini ko haƙori yana ciwo, ki faɗa a wajen awo. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta bayyana tun 2013 cewa hoton haƙori, da allurar kashe zafi, da cike kogo, da cire haƙori ba su da illa ga mai ciki. Sai dai ki sanar da likita cewa kina da juna biyu. Kada ki sayi magani a kemis da kanki, domin wasu kamar tetracycline suna ɓata launin haƙoran jariri tun yana ciki.

Magidanta kuma, idan iyali ta yi kukan haƙori, kada a ce ta yi haƙuri sai ta haihu. A kai ta asibiti. Allah Ya raba lafiya, Ya raya abin da za a haifa.