Ƙona Littafi Ba Tarbiyya Ba Ce

Tun shekarun 1990, lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano, ake ɗora wa marubuta laifin lalacewar tarbiyyar yara. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, a 2007 kuma aka tara littattafai aka banka musu wuta a bainar jama'a. To, shin yaran sun daina karantawa? Ko kusa! Littafin da a da ake ɓoyewa cikin littafin lissafi, yau ga shi a waya, ana tura shi ta WhatsApp, babu mai tacewa.

Mu malaman makaranta muna ƙwacewa a aji, amma da an tashi sai yaro ya koma hannun iyayensa. Uban da bai san abin da 'yarsa take karantawa cikin dare ba, da wane baki zai zagi marubuci?

Kuma ba kowane littafin manya ne batsa ba. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya taɓo kishi da saki. Budurwa 'yar shekara 16 in ta karanta shi da mahaifiyarta suka tattauna, ai ta ƙaru. Ɗan firamare kuwa, Magana Jari Ce ta ishe shi.

Don haka iyaye, ku karanta kafin ku hana, in kun hana ku faɗi dalili, kuma ku ba da madadi. Mu marubuta kuma mu riƙa rubuta shekarun mai karatu a bangon littafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace.