Bairut Bayan Fashewar Tashar Jiragen Ruwa: An Ceci Tsofaffin Gidaje, Amma Wa Zai Zauna a Cikinsu?

Ranar Talata 4 ga watan Agusta na shekarar 2020, da misalin ƙarfe shida na yamma, wani sito da ke tashar jiragen ruwa ta Bairut, babban birnin ƙasar Labanan, ya yi bindiga. A cikin siton an jibge kimanin tan 2,750 na sinadarin nan da ake haɗa takin zamani da nakiya da shi, wanda aka sauke daga wani jirgin ruwa tun 2014 aka bar shi babu mai kula. Mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu, sama da 6,000 suka jikkata, aka kuma ƙiyasta cewa wajen mutum 300,000 ne gidajensu suka lalace. Yanzu da aka haura shekara biyar, ana iya auna wani ɓangare na wannan masifa da ba a cika magana a kansa ba, wato ƙoƙarin gaggawa da aka yi na ceto gine-gine da kayan tarihin birnin.

Unguwannin da suka fi kusa da tashar, irin su Jemmaize da Mar Mikayel da Ashrafiyya, su ne kuma suka fi yawan tsofaffin gidaje, waɗanda aka gina tun zamanin mulkin Turkawa da na Faransawa. Gidaje ne na dutse mai laushi, masu jan rufi da tagogi uku a jere masu siffar bakan gizo, waɗanda ƙarfin fashewar ya yaye musu rufi, ya tsattsaga bangayensu. Hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar ta bayyana cewa daga cikin gine-gine kimanin 8,000 da abin ya shafa, 640 na tarihi ne, kuma wajen 60 daga cikinsu suna gab da rushewa. Bankin Duniya kuwa ya ƙiyasta ɓarnar da aka yi wa ɓangaren al'adu kaɗai da dala biliyan ɗaya ko fiye.

To, sai dai abin ya zo wa Labanan a lokacin da ba ta da ko sisi. Tun 2019 darajar kuɗinta ta faɗi warwas, bankuna suka riƙe ajiyar mutane, a watan Maris na 2020 kuma ƙasar ta kasa biyan bashin da ake bin ta. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: kwana shida bayan fashewar gwamnatin Hassan Diab ta yi murabus, ba a kuma sake samun cikakkiyar gwamnati ba sai watan Satumba na 2021. Ke nan a watannin da aka fi bukatar hukuma, babu wata tsayayyar hukuma a ƙasar.

Abin da ya fi ɗaga hankalin masana a makonnin farko shi ne ruwan sama. Ita Bairut daminarta tana zuwa ne da sanyi, daga wajen Oktoba ko Nuwamba, don haka wata biyu zuwa uku kacal ake da su. Gidan da rufinsa ya yaye, bangonsa kuma ya tsage, ruwa na shiga dutsen ya jiƙa shi, katakon bene ya ruɓe, sai ginin da fashewar ta bari a tsaye ya zube da kansa. Saboda haka aikin farko ba na ado ba ne ko kaɗan. Injiniyoyi da masu zanen gine-gine, akasarinsu 'yan sa kai, suka riƙa bi gida gida tare da 'yan ma'aikatan hukumar tarihi suna rubuta halin da kowane gini yake ciki, suna ware wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba. Daga nan aka shiga tokare bangaye da ƙarafa da katakai, ana lulluɓe rufi da tamfol. Wata ƙungiya da aka kafa a kwanakin, Beirut Heritage Initiative, ta ɗauki kaso mai yawa na wannan aiki. Asusun ALIPH da ke Janeba, wanda Faransa da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka jagoranci kafawa a 2017, ya ware dala miliyan 5. Ƙungiyar Blue Shield ta haɗa hannu da sojojin Labanan da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke ƙasar wajen kare fadar Bustros, inda ma'aikatar harkokin waje take a lokacin. Ita kuma UNESCO ta ƙaddamar da shirinta mai suna Li Beirut ranar 27 ga Agusta, domin tara gudunmawa ga makarantu da wuraren tarihi.

A ganina wannan mataki na farko shi ne ya fi kowane cin nasara, kuma shi ne ya fi araha. Mummunar rushewar da aka ji tsoron za ta biyo bayan ruwan farko ba ta auku a yadda aka zata ba, akasarin gidajen da aka tokare sun tsallake daminar suna tsaye. Ba wata fasaha ta musamman aka yi amfani da ita ba; abin da ya taimaka shi ne akwai mutanen da suka san gidajen tun kafin masifar, suna da jerinsu, akwai kuma masu ba da kuɗi da suka yarda su saki kuɗin cikin makonni ba tare da dogon zaman ofis ba.

Mataki na biyu, wato gyara na dindindin, shi ne ya fito da bambanci a fili. Wuraren da suka yi suna sun sami masoya daga ko'ina. Gidan tarihi na Sursock, wanda gini ne na 1912 da aka mayar wurin baje kolin zane-zane a 1961, ya rasa tagoginsa masu gilashi kala-kala, zane-zane fiye da 50 kuma suka lalace. Italiya ta ba da yuro miliyan ɗaya ta hannun UNESCO, Faransa da ALIPH suka ƙara nasu, aka sake buɗe shi ranar 26 ga Mayu 2023. A gidan tarihi na Jami'ar Amurka da ke Bairut wani akwatin nuni ya kife da tsofaffin kwalabe da kofunan gilashi 74, guda 72 suka farfashe. Aka tsince ɓarɓashin ɗaya bayan ɗaya, aka kai wasu Landan inda ƙwararrun gidan tarihi na Birtaniya suka harhaɗa guda 8, har aka nuna su ga jama'a a 2022. Wani zane da aka ciro daga fadar iyalan Sursock, wanda masana suka tabbatar aikin Artemisia Gentileschi ne, 'yar Italiyar nan da ta yi zamani a ƙarni na 17, sai da aka kai shi gidan tarihi na Getty a Amurka domin gyara.

Babu mai raina wannan aiki. Amma mai karatu zai lura cewa duk waɗannan abubuwa ne masu suna da masu tsaya musu. Mafi yawan gine-ginen nan 640 kuwa gidajen zama ne na mutane, da yawansu tsofaffin 'yan haya ne ke ciki, masu gidajen kuma kuɗinsu ya maƙale a banki. Tamfol na kare gida damina ɗaya ko biyu, ba ya mayar da mutum ɗakinsa. Babban shirin gyaran gidajen zama da Bankin Duniya ya tallafa, hukumar UN-Habitat ta aiwatar, na kimanin dala miliyan 13, bai kankama ba sai 2022. A tsakanin nan iyalai da dama sun riga sun koma wasu unguwanni, wasu ma sun bar ƙasar baki ɗaya. Unguwar Karantina ta talakawa, wadda take manne da tashar, ba ta da gidajen da baƙi ke ɗaukar hoto, don haka ba ta ja hankalin masu kuɗin al'adu yadda Jemmaize ta ja ba.

Sai kuma batun dillalai. Ƙura ba ta gama lafawa ba mazauna unguwannin suka fara ba da labarin masu zuwa suna taya fasassun gidaje. Mutanen Bairut sun san ma'anar wannan, domin bayan yaƙin basasar 1975 zuwa 1990 sun ga yadda aka rushe ɗimbin tsofaffin gine-gine a tsakiyar birnin da sunan sake gini, a ƙarƙashin kamfanin Solidere da aka kafa a 1994. A watan Oktoba na 2020 majalisar dokoki ta zartar da doka mai lamba 194, wadda ta dakatar da sayar da gidaje da filaye a unguwannin da abin ya shafa har tsawon shekara biyu. Dokar ta yi amfani wajen taka wa masu gaggawar saye burki, sai dai ta wucin gadi ce. Asalin dokar kayan tarihi ta ƙasar tun 1933 aka yi ta, zamanin Faransawa, kuma abin da aka yi kafin shekarar 1700 ne take karewa kai tsaye, alhali gidajen da ake magana a kansu na ƙarni na 19 da farkon na 20 ne. Wani daftarin sabuwar doka da majalisar ministoci ta amince da shi a 2017, fashewar ta same shi yana kwance a majalisar dokoki. Wannan giɓi ne da babu wata ƙungiyar waje da za ta iya cike shi, komai yawan kuɗinta.

Mu ma a nan ba baƙin wannan tsere da ruwan sama ba ne. A farkon Satumba na 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a daminar da ta halaka ɗaruruwan mutane a Nijar. A watan Agusta na 2023 kuma wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufto a kan masallata. A wuraren biyu an ba da rahoton ganin tsagewa a jikin ginin kafin ya faɗi. Tsohon garin Damagaram yana cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO tun 2006, amma suna a takarda ba ya tokare bango. Abin da Bairut ta samu cikin makonni shi ne jerin gidaje, da maginan da suka san aikin, da kuɗin sayen katako da tamfol a hannu, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ya fi ƙarfin hukumar gari ko masarauta.

Akwai gini guda a Bairut da ya nuna abin da jinkirin hukuma ke jawowa. Manyan rumbunan hatsi na tashar, da aka kammala a 1970, su suka tare wani ɓangare na ƙarfin fashewar daga isa yammacin birnin, iyalan mamatan kuma suka nemi a bar su a tsaye domin tunawa. A watan Afrilu na 2022 gwamnati ta yanke shawarar rushe su. Ana cikin jayayya hatsin da aka bari a ciki ya ruɓe ya kama wuta, sashen arewa ya riƙa zubewa daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, har da ranar 4 ga Agusta da ake cika shekara biyu da masifar. Sai a watan Agusta na 2025 ministan al'adu Ghassan Salame ya sanya abin da ya saura a jerin gine-ginen tarihi na ƙasar.