Salular da aka kai caji amana ce: wa ya ba mu izinin buɗe ta?

Yau maganar da muka kawo ba ta da daɗin ji, kuma mun san wasu za su yi fushi da mu. To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a fara zagi.

Sati uku ke nan da abin ya faru. Wani saurayi na ƙasar nan, wanda ba za mu faɗi sunanshi ko na ƙauyensu ba, ya kai salularshi caji wurin wani mai panno, ya biya dala ashirin, ya wuce gona. Salular ba kod. Ɗaya daga cikin masu zaman rumfar ya ɗauka, wai zai duba waƙoƙi. Daga waƙoƙi ya faɗa WhatsApp. Nan ya iske hirar yaron da wata mai saida kaya a Maradi: turmin atamfa, ɗankwali, jan-baki, gazar, takalmi mai tsini, da hoton takardar aika kuɗi. Ya ƙara matsawa cikin hotuna, ya tarar da guda ɗaya wanda yaron ya ɗauki kanshi cikin ɗaki, ƙofa rufe, ya ɗaura ɗankwalin. Sai ya tura wa kanshi duka.

Kafin la'asar abin ya shiga gurup uku. Kafin isha'i ƴan garinmu da ke Aljeriya da Libiya sun gani, har suna aiko wokal suna dariya. Kwana biyu bayan haka yaron ya hau kabu-kabu da dare ya bar gari. Yau uwarshi ba ta zuwa famfo sai ta aiki yara. Tsohonshi ya bar zaman majalisa. Maganar auren ƙanwarshi, da har an kai goro, ta tsaya cik. Ga girbi ya zo, gidan ya rasa hannu guda. Wanda ya buɗe salular kuwa yana nan yana shan shayinshi, wasu ma na ce mishi ya yi jihadi.

A gidan rediyo an kira mu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ana cewa mu ɗauko maganar a shiri, mu faɗi suna don "ya zama darasi". Mun ƙi. Wani dattijo da muke girmamawa ya ce mana: "Yaran nan, ku kuma ɗan daudu kuke karewa?" Muka ce: "Baba, Allah ya ja kwana, amana muke karewa." Wannan rubutu shi ne sauran amsar da ba mu samu damar ba shi ba.

Abin da malamai ke faɗa a kan namiji ya yi shigar mata, kowa ya san shi, ana faɗarshi a wa'azi, kuma ba mu ne masu ba da fatawa ba. Amma a lissafa da kyau. Yaron nan abu ɗaya aka gani ya yi, shi kaɗai, a bayan ƙofa. Mu fa? Ɗaya ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya. Ɗaya ya saci hoto. Goma sun tura. Ɗari sun yi da shi. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati, wadda yaran makarantar allo ke haddacewa, ta hana mugun zato, ta hana binciken asirin mutane, ta hana cin naman ɗan'uwa, duka uku a jere, kuma duka ukun mun aikata su cikin yini guda. Malaman nan dai su ne suka karantar da mu cewa wanda ya rufa wa musulmi asiri Allah zai rufa nashi. Su ne ke ba mu labarin Sayyadina Umar da ya haura katangar wani gida ya iske ana saɓo, mai gidan ya tuna mishi cewa shi ma ya yi bincike kuma ya shigo ba ta ƙofa ba, ba sallama, sai Umar ya janye. In Sarkin Musulmi ya janye, kai mai zaman rumfar caji wane ne?

In da gaske gyara ake so, hanyarshi sananniya ce a ƙasar Hausa. A kira yaro gefe, ko a samu kawunshi, ko liman, a yi magana baki da baki. Wa aka taɓa shiryarwa da wokal na dariya? Mu daina ruɗin kanmu. Daɗin gulma ne ya ja mu, muka sa mata rawani muka kira ta addini.

Kuma mu bar yin kamar yau muka fara jin kalmar. Ƴan daudu sun daɗe cikin garuruwan Hausa. Duk wanda ya taɓa sauka tashar mota a Maradi, ko Katsina, ko Kano, ya san su waye ke tuƙa tuwo da soya kaji a wasu rumfunan, kuma da yawanmu mun ci mun sha ruwa mun biya, ba mu tambayi kowa tarihinshi ba. A can muna cin abincinsu, a nan muna korar ɗan maƙwabci.

Masu cewa ai wasa ne, su tuna inda irin wannan wasa ke kaiwa. A watan Nuwamba na 2000, lokacin rikicin bikin nuna tufafi na FIMA, a Maradi taron jama'a ya afka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, aka ƙona, aka farfasa, aka bar mata da yawa ba wurin kwana. A watan Agusta na 2007 an kama maza 18 a Bauci, aka kai su kotu kan zargin shigar mata. A watan Agusta na 2024 an tsinci gawar wani da aka sani a TikTok da suna Abuja Area Mama a bakin hanya a Abuja. Wanda ya tura hoton mutum cikin gurup bai san hannun da zai faɗa ba. Shi dai ya kunna ashana cikin kaka ya juya baya.

Yanzu mu zo kanmu. Wa zai iya, cikin masu tura hoton nan, ya aza salularshi a buɗe bisa tabarmar majalisa ya tafi sallar Juma'a ya dawo? Malam, saƙon da ka aika wa mai maganin ƙarfin maza fa? Hajiya, kayan matan da kika yi oda daga Sakkwato, da man bilicin da maigida bai san da shi ba? Yarinyar da ta sayi abin gwajin ciki? Bawan Allahn da ke zuwa Dakoro duk wata karɓar magani a likita, ba ya son kowa ya san cutar? Mai bashin da ke roƙon a ƙara mishi sati? Kowa na da abin da ya saya wanda ba ya so a karanta a kasuwa. Rufin asiri da muke roƙo kullum bayan salla, ai ba don mu waliyyai ne muke roƙonshi ba.

Wannan matsala ba ta tsaya ga rumfar caji ba, don ita kanta salular ƴar rahoto ce. A 2007 kamfanin Facebook ya fito da wani tsari mai suna Beacon, wanda ke sanar da abokanka abin da ka saya a wasu shagunan intanet. Wani mutum a Amurka ya sayi zobe zai ba matarshi mamaki, sai ga labarin a shafinshi, matar ta gani tare da kowa. Mutane suka yi ca, Mark Zuckerberg ya ba da haƙuri, aka rufe tsarin a 2009. A 2012 jaridar New York Times ta ba da labarin yadda kantunan Target ke gane mace na da ciki daga irin man shafawa da magungunan da take saye, har suka riƙa aika wa wata ƴar makaranta tallar kayan jarirai kafin ubanta ya san halin da take ciki. A 2018 aka gano kamfanin Cambridge Analytica ya kwashi bayanan mutane da yawansu zai kai miliyan 87 daga Facebook. A 2019 aka bayyana cewa ma'aikatan Amazon na sauraren wasu maganganun da na'urar Alexa ke naɗa cikin gidajen mutane. Wannan ne ya sa in ka nemi takalmi a Google da safe, da yamma ka ga tallar takalmi ta biyo ka Facebook. Ba aljani ba ne, sawunka ne ake bi. Kuma in salula ɗaya ce ke yawo tsakanin miji da mata da ƴaƴa, kamar yadda take a gidajenmu da yawa, to tallar za ta fito gaban wanda ba shi ya nema ba.

Mu nan ba mu da Alexa a ɗaka, wutar ma sai panno. Amma muna da namu masu saurare: mai caji, mai gyara, yaron da ke tura fina-finai a kart memuwar, wanda ya buɗe maka adireshin Google ya kuma riƙe kalmar sirrin a kanshi, da wanda kake miƙa wa salula ya karanta maka saƙo don ba ka yi lakwal ba. Tun 2016 WhatsApp ke rufe saƙonni ta yadda ba a karanta su a hanya. Wannan kariya ba ta da amfani in salular na hannun wani a buɗe. An gina katanga, an bar ƙofar zaure ba ƙyaure.

Masu ganin ba abin da zai same su, su sani ƙasar nan na da doka. Tun 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan sirrin mutane, aka sabunta ta a 2022, kuma aka kafa hukuma a Yamai, HAPDP, aka ɗora mata wannan aiki. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta hukunta shiga na'urar wani ba izini, da yaɗa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam, sannan a watan Yuni na 2024 aka maido hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet. Wato wanda ya buɗe salular da wanda ya danna "tura" duka suna iya samun kansu gaban jandarma. Iyalin yaron kunya ce ta hana su kai ƙara. Wata rana za a taɓa gidan da ba zai yi shiru ba.

Ga abin da muke nema, kuma ba mu roƙo da sanyin murya.

Masu caji da masu gyara: sana'arku ta amana ce, kamar ta mai awo da ta ungozoma. Salula ta zo, a kashe ta, a sa mata lamba, a ajiye ta inda ƴan zaman banza ba su kai hannu. Da yawanku haka kuke yi, mun shaida, Allah ya saka. Ku ne ya kamata ku fara tsawata wa wanda ke ɓata muku suna. Mu kuma jama'a, rumfar da aka san ana buɗe salula, mu daina kai tamu.

Shugabannin gurup: ku ne masu unguwar wurin. Hoton sirrin wani ya shigo, a goge, a gargaɗi mai turowa, ya sake a fitar da shi. In kun bari, da ku aka yi.

Limamai da malamanmu, Allah ya gafarta: muna roƙon huɗuba guda a kan binciken asirin mutane ta salula. Hakimai da hukumomin komin, ku tara masu caji ku yi musu magana, ba sai an jira wani ya rasa ranshi ba.

Kowa kuma ya ɗaure akuyarshi. Sa kod, kuma kar ya zama 1234 ko shekarar haihuwarka. Kashe salula ka cire kart memuwar kafin ka ba da caji. Kalmar sirrin Google da wani ya buɗe maka, canza ta yau. A WhatsApp akwai wurin kulle hira, akwai saƙon da ke gogewa da kanshi, akwai lambar tabbaci ta biyu. In ba ka iya ba, nemi wanda ka yarda da shi ya nuna maka, kai ka danna da hannunka. Bar WhatsApp na jabu da ake turawa a kasuwa, ba ka san wa ya ƙera shi ba. Za ka saida salula, goge komai ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Abin da ba ka so a sani, saye shi hannu da hannu da tsabar kuɗi, kuma kar ka ɗauki hoton abin da ba za ka iya jure ganinshi a gurup ba.

Ga wanda ya buɗe salular nan: mun san kana karantawa. Ba mu faɗi sunanka ba, ko da yake rabin gari ya sani. Mun rufa maka asirin da kai ka hana wani. Ka je ka sami tsohon nan ka durƙusa ka nemi gafara tun kuna da rai ku biyu. Duk wanda hoton ke cikin salularshi, ya goge shi kafin ya kwanta yau.

Ga uwar yaron: Inna, ki fito ki ɗebi ruwanki. Ba ke ce kika ci amanar kowa ba.

Shi kuma yaron, in wannan rubutu ya kai inda kake, ka kira gida ko da minti ɗaya ne, tsohuwarka ba ta barci. Gonarku na nan, garin nan naka ne kamar yadda yake namu.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wanda ke da ja, filin sharhi na ƙasa a buɗe yake, amma duk wanda ya rubuta sunan yaron ko na gidansu, za mu goge.