Injin Jirgin Ruwa Na Hannu Da Batun Haraji

Duk wanda ya san bakin ruwan Yawuri ko gaɓar Tafkin Chadi ya san cewa inji ya daɗe da karɓe aikin filafili a manyan jiragen fito da na su. To, amma sabon inji ya fi ƙarfin aljihun yawancin masunta da masu fito. Saboda haka sai su haɗa kuɗi su aika Kwatano ko Dubai a sayo musu Yamaha na hannu. Ana murna an samu araha, sai kaya ya iso bakin iyaka, ma'aikatan Kwastan su kawo lissafin da ba a yi zato ba, daga nan rigima ta tashi.

Akasarin wannan rigima rashin sani ne ke haddasa ta. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tun da injin tsoho ne, kuma mai shi na farko ya biya haraji a ƙasarsa, to an gama. Ba haka doka ta ce ba. Harajin sayayya yana bin kaya ne zuwa ƙasar da za a yi amfani da shi, kuma wanda ya shigo da kayan shi ke da alhakin biya, ba wanda ya sayar ba. Tsufan inji yana rage ƙimarsa, amma ba ya ɗauke masa haraji.

A Nijeriya Doka ta 102 ta 1993 ce ta kafa harajin VAT, wanda ya maye gurbin tsohon harajin sayarwa na 1986, aka fara karɓarsa a watan Janairu na 1994 a kan kashi 5 cikin 100. A watan Fabrairu na 2020 aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5. Abin da ya kamata mai saye ya lura da shi shi ne, ba a kan kuɗin da ya miƙa wa dillali kaɗai ake lissafa shi ba. Sai an haɗa kuɗin injin da na dako da na inshora, an ɗora kuɗin fito da sauran caji, sa'an nan a fitar da harajin daga jimlar. A misali, idan jimlar ta kai Naira 2,000,000, harajin kaɗai Naira 150,000 ne.

Akwai kuma masu fakewa da yarjejeniyar ciniki ta ƙasashen ECOWAS. Wannan sauƙi na kayan da aka ƙera ko aka noma a cikin yankin ne. Injin da aka ƙera a Japan bai zama ɗan Binin ba don kawai ya kwana a kasuwar Kwatano.

Wanda kuwa ya bi ta barauniyar hanya, ko ya yarda ejan ya rubuta masa rasit na ƙarya, ya sa jarinsa cikin haɗari, domin Kwastan na da ikon kama kayan da ba a biya musu fito ba ko da sun yi nisa a cikin ƙasa. Masuncin da aka ƙwace wa inji a tsakiyar kakar su, ga bashin 'yan'uwa a wuyansa, ba ƙaramar asara ya yi ba.

Duk da haka, wannan jarida ba ta ganin laifin na masunta ne su kaɗai. Tsohon inji sau da yawa ba ya zuwa da takardar kamfani, don haka ƙimarsa tana hannun ma'aikacin da ya duba shi, kuma inda ƙima ta zama sirri, nan cin hanci ke samun ƙofa. Ya kamata Hukumar Kwastan ta buga jerin ƙimar injuna bisa ga ƙarfinsu da shekarunsu, da Hausa da sauran harsunan bakin ruwa, a manna a tashoshin jiragen ruwa, a kuma karanta a rediyo.

Haka nan ya dace Gwamnatin Tarayya ta duba yiwuwar sassauta fito a kan sababbin injuna ga ƙungiyoyin masunta masu rajista. Ba a manta da jirgin da ya nutse a kusa da Warra ta Jihar Kebbi a watan Mayu na 2021 ba, inda aka rasa rayuka masu yawa. Lodi fiye da ƙima da tsufan jirage su aka fi zargi a irin waɗannan haɗurra, amma injin da ya mutu a tsakiyar kogi shi ma yana jefa fasinja cikin halaka. Ma'aikatan sashen kifi na jihohi da jami'an ƙungiyoyin gama kai su ne suka fi kusa da waɗannan mutane, su ya kamata su fara yi musu wannan lissafi tun kafin kuɗi ya bar hannunsu.