WA ZAI ADANA MANA MURYOYIN REDIYON KANO?

Yau na ɗan jingine labarin da muke kawowa, saboda wani abu da ya tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi a maƙogwaro, wanda idan ban amayar da shi ba, ba zan samu sukuni ba.

Kwanakin baya ina rubuta wani babi da ya faɗo a 2008, shekarar da Kano Pillars ta fara lashe gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Jarumin labarin yana zaune a teburin mai shayi a Wudil, ya kafa kunne a jikin rediyo. Sai na ce bari in nemo ainihin muryar mai sharhin wasan in sake saurare, don kada in ƙaga abin da ba a faɗa ba. Na tashi takanas daga Dagumawa na shiga birni, na je wani gidan rediyo. An karɓe ni hannu bibbiyu, amma da na faɗi buƙatata sai wani dattijon ma'aikaci ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai a da kaset ɗin da aka ɗauki shirin yau, a kansa ake ɗaukar na gobe." Haka na dawo gida jikina a sanyaye.

Mai karatu, duba tsawon tafiyar da aka yi. Tun a shekarun 1940 rediyo ya shigo Kano, lokacin da ake jan waya zuwa wani akwati da ake ratayewa, jama'a su taru a gindinsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Bello Dandago da Isa Kaita suna karanto labarai da Hausa daga Akra ta ƙasar Gana, kuma sunan Bello Dandagon ne aka sa wa ginin Rediyon Kano. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gwamnatin Sardauna ta buɗe na Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979. Sai a 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tasha, a ƙarshen 2003 kuma Freedom ta fara watsa shiri daga Sharaɗa. Da shirye-shirye irin su Inda Ranka talaka ya ga ashe shi ma kokensa zai iya fita ta akwatin nan. Bayanta tashoshi suka yi ta ɓullowa, su Rahama, Dala, Express, Arewa da sauransu.

Mu 'yan karkara mun fi kowa sanin darajar wannan abu. Jarida ba ta iso mana, wuta kuwa sai an ga dama. Ina tuna mahaifina yana shanya batir a rana don ya ƙara kwana biyu, idan lokacin labarai ya yi ko tari ba ka isa ka yi ba. Ta rediyo muka ji juyin mulkin 1985, ta nan muka ji rasuwar Janar Abacha a 1998, da ta Sarki Ado Bayero a 2014. Ta nan muka bi Pillars a 2009 lokacin da ta fitar da Al Ahly ta Masar har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, da kofunan da ta jera daga 2012 zuwa 2014, ba tare da mun taka filin wasa na Ƙofar Mata ba. Mai sharhi ne idonmu.

To ina waɗannan muryoyi suke yau? Wani zai ce ai yanzu komai yana waya da Facebook. Gaskiya ne, amma wayar ba ta san abin da aka faɗa a 1975 ba, kuma abin da ke cikinta rana ɗaya ɓarawo ko ruwa ke tafiya da shi. Tarihin gidajen nan a ƙwaƙwalwar tsofaffin ma'aikata yake, su kuwa kullum sai raguwa suke yi. Duk wanda aka kai makwanci, da kundinsa ya tafi.

Shawarata ita ce kowace tasha ta tattara abin da ya rage na faya-fayai da kaset, a juye su a kwamfuta tun kafin gara da ƙura su ƙarasa su. Jami'ar Bayero da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa su tura ɗalibai su zauna da dattawan nan, a naɗi hirarsu. Mu ma marubuta da laifinmu. Rediyo ne ya karanta littattafanmu har matan da ba su yi boko ba suka san sunayenmu, amma mun ƙare tawada a kan soyayya da kishi, mun manta da wanda ya yi mana rana. Ni dai na ɗaura niyyar fara ziyartar tsofaffin masu sharhin wasanni da littafi da biro a hannu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, in ji masu magana, amma a wannan karon zaman ne ya fi muni.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Mu haɗu a mako mai zuwa don ci gaban labarinmu.